Ranar da Tsintsiya Ta Yi Kaɗan

A wani gari, a wani zamani, an yi wata ɗaliba wadda ba ta yarda da amsa sai ta gwada ta. Wata rana malamin aljabra ya rubuta a allo: x a tara da shida a sama, x a tara da biyu a ƙasa, a sauƙaƙa in zai yiwu. Ya ce monita ya duba aikin, duk wanda ya faɗi ya share aji, sannan ya fita.

Duk ajin suka soke x na sama da na ƙasa, suka raba shida da biyu, suka samu uku. Ita kuwa ta rubuta cewa babu abin sokewa. Monita ya zabga mata sifili, ya miƙa mata tsintsiya.

"Ke kaɗai ce mai ƙwaƙwalwa, Malama?" in ji shi.

Ranta ya ɓaci, amma ta ce, "Mu sa lamba mu gani."

Aka kwashe da dariya. Ta sake cewa, "Mu sa lamba mu gani."

Da malam ya dawo ya ji ƙararta, sai ya ba ta alli. Ta mai da x biyu: takwas a sama, huɗu a ƙasa. Biyu ta fito, ba uku ba.

"A goge mini sifilin nan," in ji ta, "da hannun da ya rubuta shi."

Monita ya goge yana murmushin kunya. Ranar nan tsintsiya ta yi kaɗan. Yarinyar ta zauna bakin taga tana nuna wa sauran 'yan ajin inda ƙura ta rage, su kuma suna shara suna rera, "Mu sa lamba mu gani."