Hoton Daƙiƙa Ashirin

"Ki goge shi."

Auta ta ɗago daga kan kwamfutarta. Yayanta ne tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, ya dafa ƙyaure, idanunsa jajur kamar wanda ya kwana uku bai runtsa ba.

"Wanne, Yaya? Hotuna ɗari biyu na ɗauka a wancan daren."

"Kin san wanda nake nufi!"

"Na sani. Ba kuma zan goge ba."

Ya shigo ya turo ƙofar, ya sassauta murya don kada Baba ya ji daga falo.

"Auta... ni ne fa. Ni na goya ki. Ni na saya miki kyamararki ta farko."

"Ban manta ba."

"To me kike so ki yi min?"

Ta juya masa kwamfutar, shi kuwa ya kawar da kai.

Sati guda ke nan da abin ya faru. Su takwas ne, suna kiran kansu 'yan haske. Duk daren da babu wata, sai su hau tudun da ke bayan gari da manyan tociloli, irin waɗanda haskensu ke tafiya kamar igiya. Can nesa akwai tankin ruwa, shi suke haskawa a ga tocilar wa ta fi kai wa. Auta ce mai ɗaukar musu hoto. Takan kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ta buɗe idon kyamarar na daƙiƙa ashirin, ta ce, "Kowa ya daskare!" Sai kowa ya tsaya cak har ta gama ƙirga.

A nan ta haɗu da Injiniya. Babu makarantar da ta ba shi sunan. Mai gyaran rediyo da waya ne, yana harhaɗa tocilarsa da batiran matattun kwamfutoci da gilashin tsohon majigi. Shi ne shugabansu, kuma shi ya kafa musu doka biyu. Haske ba ya sauka ƙasa da tanki, domin titi ne a ƙasa. Baƙo ba ya riƙe tocila a darensa na farko.

A daren, Yaya ne baƙon. Baba ya ce tunda maganar aure ta shigo tsakanin Auta da Injiniya, ba ta ƙara fita sai da rakiya. Auta tana cikin ƙirga, ta kai sha huɗu, suka ji ƙarar babur ya daki kwalta. Da suka gangara da gudu, wanda suka tarar kwance a gefen hanya Baffa ne, ƙanin Baba, yana dawowa daga aikin dare a masaƙa. Haske ya dallare masa ido. Hannunsa ya karye wuri biyu.

A asibiti, Mai Kanti ne ya riga kowa isa wurin Baba. Abokin Yaya ne, ɗaya daga cikin 'yan haske, mai sayar da kayan lantarki, kuma sau biyu yana neman auren Auta tana ce masa a'a. Ya ce wa Baba tocilar haɗin gida ce ta yi ɓarnar. Baba ya juya ga Injiniya ya tambaye shi, Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, Baba."

Washegari Baba ya aika a gaya wa manyan Injiniya kada su zo neman aure.

Sai bayan kwana biyar Auta ta iya buɗe hotunan. A ido, duk hasken fari ne. Kyamara kuwa ba ta yarda da haka. Tocilar Injiniya ruwan ɗorawa take fita a hoto, ta Mai Kanti shuɗiya. A hoton nan, ruwan ɗorawan yana tsaye ƙyam a jikin tanki, ga Injiniya a ƙarƙashinsa, har maɓallan rigarsa ana iya ƙirgawa, don bai motsa ba. Shuɗin kuwa ya baje kamar mahuci, ya sauko har titi. Wanda ke riƙe da shi ya zama hayaƙi-hayaƙi saboda motsi, amma farar hular Yaya ta fito.

"Mai Kanti ne ya miƙo min," in ji Yaya. "Ya ce in gwada. Na ga fitilar babur, na ce bari in ga ko za ta kai... Wallahi ban san Baffa ba ne!"

"Da wani ne fa, Yaya?"

Ya kawar da kai daga hoton.

"In Baffa ya ji, ya hana ni 'yarsa," ya ce can. "Wata biyu ya rage bikinmu. Ke kin san haka. Za ki rushe aurena don ki gina naki?"

Maganar ta soke ta, amma ba ta nuna ba.

"Kai da ka riga ka rushe nawa don naka ya tsaya?"

* * *

Da safe, kafin ta gama share shagonta na ɗaukar hoto, Mai Kanti ya shigo yana ƙamshin turare, ya ajiye wani kwali a kan tebur.

"Sabuwar kyamara. Irin wadda kika daɗe kina so."

"Ikon Allah. Me na yi?"

"Babu komai, gimbiya. Ki ba ni tsohuwar kawai, da katin da ke ciki."

Auta ta fashe da dariya har da riƙe tsintsiya.

"Kai yanzu a ganinka hoto a cikin kyamara yake kwana? Yana wuri huɗu. Ɗauki kwalinka, kana tare min haske."

"Za ki tozarta yayanki a kan mai gyaran rediyo?"

"Wa ya sa masa tocila a hannu, bayan ya san doka?"

Ya ɗauki kwalinsa ya fita, ko sallama babu.

Ta wanke hoton a babbar takarda, ta sa a ambulan, ta nufi shagon Injiniya. Ta same shi ya duƙufa a kan wata waya da ya farke, hayaƙin dalma yana tashi. Ya rame. Da ya ga ita ce, ya miƙe har ya ture kwanon kusoshi.

"Hasken idona... Baba ya san kin zo?"

"Kar ka kira ni da wannan sunan yau. Zauna."

Ya zauna. Ta shimfiɗa masa hoton a kan benci. Ya dube shi na ɗan lokaci, bai yi mamaki ba.

"Ka sani," ta ce.

"Na gani da gefen ido."

"Ka gani! Ka kuma bar ni ina kuka kwana biyar, ina tunanin mutumin da zan aura ya kusa kashe min Baffa!"

"Ban yi ƙarya ba, masoyiyata. Na ga Mai Kanti ya miƙa masa. Ni ne shugaba. Da na ce a'a, da Baffa yana wurin aikinsa yanzu. Na yi shiru don ina jin nauyin surukina. Wannan ba laifi ba ne?"

"Laifi ne. Ka ɗauki naka. Wa ya ce ka haɗa da na wani?"

"In na faɗa, gida biyu za su ɓaci. In na yi shiru, ni kaɗai..."

"Kai kaɗai?" Ta dafa benci ta matso da fuskarta kusa da tasa. "Dube ni da kyau. Ni ba mutum ba ce? Da ka tashi yin kyauta da aurenmu, ka tambaye ni? Rabinsa nawa ne fa!"

Injiniya ya mayar da ido kan hoton.

"Ban yi tunanin haka ba," ya ce a hankali.

"Na sani. Kai dai a ba ka abu ya lalace ka rungume. Akwai kuma Baffa. Yana kwance yana Allah ya isa ga wanda bai taɓa shi ba, yana sa wa wanda ya karya shi albarka. Shi ma kyauta ka yi da haƙƙinsa?"

"To me za ki yi?"

"Ba zan kai ƙarar Yaya ba tukuna. Zan ba shi dama ya faɗa da bakinsa. In ya ƙi, zan faɗa da nawa."

"In ya tsane ki fa?"

"Zai huce. Ni ce ƙanwarsa tilo, ba shi da canji."

Murmushi ya ƙwace wa Injiniya, na farko cikin sati guda.

"Wani lokacin tsoronki nake ji, Auta."

"Ka ci gaba da ji. Ka kuma ci abinci, ka zama kamar eriya."

* * *

Ranar Juma'a da yamma dangi suka taru a ɗakin Baffa. Yana jingine da matashi, hannunsa a naɗe an rataye masa a wuya. 'Yarsa, amaryar Yaya, tana zaune a gefen gado tana yi masa fifita. Tun a hanya Auta ta faɗa wa Yaya cewa kafin su tashi magana za ta fito, ko daga bakinsa ko daga ambulan. Yanzu ambulan ɗin na kan cinyarta, kowa yana gani, babu wanda ya tambaya.

"Gobe zan je wajen 'yan sanda," in ji Baba. "Yaron nan Injiniya ba zai sha haka ba. Manya da gemu, ana wasa da wuta a kan tudu kamar aljanu!"

"Bar shi da Allah," in ji Baffa, yana duban Baba. "Ka ga ɗan nan naka? Kullum yana nan. Shi ke ɗaga ni, shi ke ba ni ruwa. Allah ya yi masa albarka."

Auta ta sa yatsa ta fara ɓare bakin ambulan. Ƙarar takardar ta cika ɗakin.

"Ni ne."

Kowa ya juya. Yaya ya zamo daga kujera ya durƙusa a gaban gadon.

"Ni na haska ka, Baffa. Da gangan na sauke hasken, wasa nake... Injiniya bai motsa ba. Ni ne!"

Mafificin ya faɗi daga hannun amaryar.

Baba ya miƙe tsaye a fusace. Auta ta tari gabansa da hoton kafin ya isa ga Yaya.

"Baba, duba nan. Wanda ya tsaya, kyamara ta riƙe shi. Wanda ya motsa, ta shafe shi. Wannan hasken na Injiniya ne, bai bar tanki ba."

Baba ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke tsaye ƙyam a tsakiyar hoton.

"Kuma ya ce min laifinsa ne..." Ya faɗa kamar da kansa yake magana.

Baffa bai ɗaga murya ba.

"Hannu zai ɗoru, ɗana. Ƙuruciya ce, na yafe wannan. Amma kwana goma sha biyu kana zaune a nan, kana jin ina tsine wa bawan Allah, kana miƙo min ruwa in jiƙa maƙogwaro in ci gaba? Wannan ne ya yi min ciwo."

"Baffa, na ji tsoron ka hana ni..."

"Ban hana ka ba, ban kuma ba ka ba. An ɗaga biki. Sai ranar da na ɗaga hannun nan sama, in duba in ga wane irin mutum ka zama. Tashi. Akwai wanda za ka je ka durƙusa wa kafin ni."

A hanyar komawa gida Yaya bai yi wa Auta magana ba. Haka washegari, da jibi. Abin ya ci ta sosai, ta yi kuka a ɗakinta, amma da ta tambayi zuciyarta ko ta yi nadama, sai ta ji babu.

* * *

Ranar Litinin da hantsi, tana shagon Injiniya ta kawo masa labarin cewa 'yan haske sun sallami Mai Kanti, sai inuwa ta rufe ƙofa.

Baba ne.

Auta ta yi wuf ta shige bayan kantar rediyoyi. Injiniya ya zube ƙasa yana gaisuwa.

"Tashi, tashi." Baba ya yi gyaran murya, ya dubi rufi, ya dubi bango. Sannan ya zaro wata tsohuwar tocilar ƙarfe daga aljihu, duk ta yi tsatsa, ya ajiye a benci. "An ce kana gyara."

"Ina taɓawa, Baba."

"Shekara goma sha biyar ba ta kama ba."

Injiniya ya jujjuya ta a hannu.

"Za ta kama."

"To. Ranar Asabar ka kawo min gida." Baba ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. "Na zalunce ka, yaro. Ka yafe min. In za ka zo, kar ka zo kai kaɗai. Ka taho da manyanka."

"Baba..."

"Ke kuma da ke bayan rediyo, ina ganin takalminki. Ki wuce gida kafin in canza ra'ayi!"

Ya fita. Auta ta leƙo, hawaye da dariya sun haɗe mata. Injiniya yana nan tsaye riƙe da tocilar, bakinsa a buɗe.

"Masoyiyata... kin ji abin da na ji?"

"Na ji, angona. Yanzu faɗa min gaskiya, wannan gwangwanin zai gyaru?"

Ya leƙa cikinta, ya girgiza kai.

"Ta mutu murus. Babu abin da ya rage sai jikin."

"To ka zuba mata sabon ciki," in ji Auta, tana ɗaukar jakarta. "Kana da kwana biyar. In ta ƙi kamawa ranar Asabar, kai da Baba ne, babu ruwana!"