Fiton da Ba a Amsawa

Rana ta riga ta faɗi amma duhu bai gama sauka ba, irin lokacin nan da kaji ke neman makwanci, iyaye mata na ƙwala wa yara kira su shigo gida. Mai Fito yana tsugune bakin famfon tsakar gida, yana kankare taɓo daga dogayen takalmansa na shiga ruwa. Matarsa tana kicin. 'Yarsu tilo, wadda yake kira Tsigi saboda ƙanƙantarta da yawan tsalle-tsalle, tana kwance rub da ciki a kan tabarma tana aikin makaranta, ƙafafu a sama.

Sai aka yi fito daga bayan katanga. Gajeru biyu, sannan dogo ɗaya mai hawa sama.

Hannunsa ya tsaya cak a kan takalmin. Fitonsa ne wannan. Shi yake yi kullum idan ya karyo kwanar layinsu daga wurin aiki, Tsigi ta amsa masa daga cikin gida, ta fito da gudu ta karɓi jakarsa. Tun ba ta iya haɗa leɓe ba suke wannan wasa, sai iska da yawu take fesowa, kuma ba mahalukin da ya san shi sai su biyu.

Yarinyar ta ajiye biro, ta miƙe tsam, ta nufi ƙofa.

"Ke Tsigi, ina za ki?"

"Baba ne ke kira na," ta ce, ba ta ko waiwayo ba.

"Ga ni nan a gabanki!"

Ta bi shi da kallo kamar wanda ta taɓa gani a kasuwa ta manta inda ta san shi. Ya yi wuf ya riƙe hannunta, ya ji shi sanyi ƙalau. A daidai nan dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙwal, ya gangaro ya dire kusa da ƙafarsa. Ɗan ƙarami ne, sumul, jiƙe da baƙin taɓo. A duk unguwar ba inda ake samun irin wannan taɓo, amma shi ya san inda yake, don shi yake kankarewa yanzun nan.

Fiton da ake kiran sa da shi ba na jirgin ruwa ba ne, na baki ne. Ɗan jagora ne a gandun daji, shi ke raka baƙi masu kallon tsuntsaye cikin fadama, mutanen da za su baro garinsu da madubin hangen nesa a wuya su yini a tsaye sauro na cin su, wai don su ga zalɓe ya daka kifi. Allah ya hore masa baki. Gauraka, dinya, kirinjijiya, hasbiya, duk wanda ya ji kukansa sau ɗaya zai maimaita maka har tsuntsun ya amsa. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha make masa ƙeya a kan fito da almuru, tana cewa ba ka san wa kake kira ba. Ya girma ya mai da abin sana'a, yana ba baƙi labarin suna dariya.

To, abin bai tsaya ga maraice guda ba. Kullum rana ta yi ja, gidan sai ya yi tsit, tsit ɗin da har kake jin ɗigar famfo, sannan fiton ya zo, duwatsu su biyo baya. Suka rufe ƙofa da sakata, suka kunna karatu, suka mai da gadon yarinyar ɗakinsu. Tsigi ta daina cin abinci sai tsakura. Ta koma tsayuwa da ƙafa ɗaya a bakin taga, wuyanta a karkace, tana sauraron abin da ba wanda ke ji. An kai ta asibiti, aka auna nan aka auna can, aka ce lafiyarta lau.

"Baban Tsigi," matarsa ta ce wata safiya, tana share duwatsun tana zubawa a bokiti, idanunta sun yi luhu-luhu, "don girman Allah, ba ka taɓo wani abu a dajin nan ba?"

"Me zan taɓo? Kallo kawai muke yi."

Ya faɗi haka ne yana kallon ƙasa, don in ya ɗaga kai zai ga hoton da ke rataye a falo. Kuma wallahi ya sani. Tun dutsen farko ya sani, kunya ce da tsoro suka ɗaure masa harshe.

A ƙarshen damina ne. Ya shiga da wasu baƙi can ƙuryar fadama, inda wata tsohuwar bishiya ta kwanta cikin ruwa, wurin da ko masunta ke kewayewa. Akwai wata tsuntsuwa a nan mai jan ido, kamar kazar ruwa amma ba ita ba, ba ta cikin littattafan baƙin ma. Sun yini ba ta fito ba, rana na shirin faɗuwa, fuskokin baƙi sun fara canzawa. Shi kuwa ya taɓa jin irin kukan da take yi in tana kiran 'ya'yanta, don haka ya haɗa leɓe ya yi shi. Ciyawa ta motsa. Wani ɗan tsako baƙi wuluk ya fito fili da gudu, yana buɗe baki, yana neman uwarsa. Shaho ya sauko kamar jifa. Kyamarori suka yi ta ƙyas-ƙyas, baƙi na tafi, ɗaya har ya rungume shi. Daga cikin ciyawa aka yi wani kuka guda ɗaya, shi kaɗai ya gane ba na tsuntsu ba ne. Bayan nan suka aiko masa da hoton a cikin gilashi, ya kuwa buga ƙusa ya rataye.

Ranar da aka tsinci Tsigi a kan katanga, ta buɗe hannuwa za ta dira waje, ranar ce matar ta yafa mayafi ba ta nemi izinin kowa ba, ta je ta zo da Malam, mai yi wa mutanen unguwa ruƙiyya.

Dattijo ne siriri mai sanyin magana, ba ya gaggawa a komai. Ya ɗauki dutse guda daga bokitin, ya shinshina, ya mayar. Ya daɗe yana duban hoton nan. Da aka idar da sallar magariba ya sa aka zaunar da yarinyar a tsakiyar falo, uwar ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu a hankali. Duwatsu suka soma zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Can sai jifan ya ɗauke ɗif, Tsigi ta karkata wuya, ta buɗe baki, muryar wata babbar mace ta fito, a dushe, irin ta wadda ta yi kuka har ta gaji.

"Ya isa, Malam. Ba da kai nake ba."

"Baiwar Allah, wace ce ke, me kike nema a jikin yarinya?"

"Tambayi ubanta. Ai shi ne gwanin kwaikwayon murya."

Malam ya juyo. Matarsa ma ta juyo. Mai Fito ya zube a ƙasa, ya faɗi komai tun daga bishiyar har zuwa tafin. Matar ta ƙara ƙanƙame 'yarta kawai, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Ya yi laifi," in ji Malam, "amma bai san ku ne a wannan siffa ba. Yarinyar kuwa ba ta yi miki komai ba."

"Ni kuma ɗana, me ya yi masa?"

Falon ya yi nauyi, fitila na rawa ba tare da iska ba.

Malam ya ce, "Zai sauke hoton nan ya ƙona. Ba zai sake taka ƙuryar fadamar ba."

"Hoto!" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni ba shahon ne ya dame ni ba, shaho abincinsa ya ci. Ɗana ya mutu yana zaton ni ce na kira shi. Sauran 'ya'yana kuma yanzu in na yi kira sai su ƙara lafewa a ciyawa, sun ɗauka muryata ƙarya ce. Don haka na ari tasa muryar. Zan kira 'yarsa da ita, ta fito fili kamar yadda nawa ya fito."

"Ba za ki tafi da ita ba," Malam ya ce, muryarsa ta yi kauri a karon farko. "Rai ba naki ba ne, ba kuma nasa ba. Ki ji tsoron Wanda ya halicce mu da ku. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu, kin kuwa san abin da zai same ki."

"Me ya rage a jikina da bai ƙone ba?"

"Sauran 'ya'yanki. Wa zai kula da su?"

Hawaye suka gangaro daga idanun yarinyar da ba sa ƙiftawa.

"To, na ji," ta ce. "Zan bar masa 'yarsa, amma ya ba ni kiran. Ya ɓata abin da ke tsakanina da nawa, ya ba ni abin da ke tsakaninsa da tasa. Daga yau bakinsa ba fito. In 'yar ta yi masa fito, kada ya amsa. Ranar da ya amsa, ni ma zan amsa."

"Na yarda!" Mai Fito ya ce da sauri. "Wallahi na yarda. Zan yi mata bayani, yarinya ce mai hankali."

"Ba za ka yi ba, ba kuma wanda zai yi maka. Ni an ba ni damar yi wa nawa bayani?"

Ya dubi Malam yana neman ceto, Malam ya sunkuyar da kai. Sai ya yi rantsuwar, kalma bayan kalma. Tsigi ta yi atishawa mai ƙarfi, ta langaɓe a jikin uwarta. Wani abu ya fita ta taga da ƙarar fiffike, aka bar warin taɓo a ɗakin. Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne tana jin yunwa.

Duwatsu ba su ƙara faɗowa ba. Ya ƙona hoton a bayan gida. Ya koma aiki, sai dai yanzu da yatsa yake nuna wa baƙi tsuntsu, in ya fito su gani, in bai fito ba a haƙura. Abokan aiki na tsokanarsa, wai Mai Fito ya zama Mai Shiru, yana yaƙe kawai. Tsigi ta murmure, kumatu suka dawo, ba ta tuna komai sai dai an ce ta yi zazzaɓi.

Wani maraice ya karyo kwanar layinsu, jaka a kafaɗa, rana ta yi ja a kan rufin gidaje. Daga cikin gida ya ji fiton, siriri, da ɗan kuskuren nan nata a ƙarshe: gajeru biyu, dogo ɗaya. Tsigi ce ta hango shi ta taga, ta gaji da jiran ya fara. Leɓɓansa suka haɗu da kansu, ya cije su har ya ji gishirin jini. Ta sake yi, da ƙarfi. Ya ci gaba da tafiya.

Ta tare shi a bakin ƙofa, ba ta miƙa hannu ta karɓi jakar ba.

"Baba, ba ka ji ni ba?"

"Na ji ki, 'yar albarka."

"To me ya sa ba ka amsa ba? Ko fushi kake yi da ni?"

Ya durƙusa ya rungume ta, ya ce a'a, ya ce ko kusa, ya ce gajiya ce kawai. Ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Washegari ta sake yi, ranar da ta biyo ma haka, kowace rana a hankali fiye da ta jiya. Har aka kai ranar da ya karyo kwana ya rage tafiya, ya kasa kunne, bai ji komai ba sai ɗigar famfo. Ya shiga ya tarar da ita rub da ciki a kan tabarma tana aikin makaranta.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce, ba ta ɗago kai ba.