Wane Wata Zan Zo?

"Kar ki zo."

Tegan ta janye wayar daga kunnenta ta dube ta. Jakarta na kan gado a buɗe, ta gama ninke kaya, har da rigar da ta saya don ranar da za ta gaida mahaifiyarsa.

"Me ka ce, Dario?"

"Ba wai kar ki zo gaba ɗaya ba, zuciyata... ki ɗan dakata. Furannin tuffa duk sun zube, ruwa ake ta yi, ko'ina taɓo. Bari Janairu ta kama, ga rana, ga wanka a kogi..."

"Janairu!"

"Ki saurare ni mana..."

"Da farko ka ce Afrilu, lokacin da ganye ke yin ja. Afrilu ta zo ka ce baƙi sun yi yawa, kuna tsinkar tuffa. Ka ce Yuli, in ga dusar ƙanƙara. Yuli ta zo ka ce hanya da santsi. Ka ce in jira furanni. Yanzu furanni sun zube! Dario, wai kwarin naku yana da lokacin zuwa kuwa?"

Tana jin numfashinsa.

"So nake ki gan shi a ranar da ya fi kyau," ya faɗa a hankali.

Ta kashe wayar, ta zauna a kan kayan da ta ninke.

A kasuwar Lahadi ta Melbourne suka haɗu, inda yake kawo tuffa daga gonarsu da ke cikin wani kwari kusa da garin Bright. Ita ta taso daga aikin asibiti, ma'aikaciyar jinya ce, ta tsaya tana latsa tuffa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mata in ta gama duba marasa lafiyar ta faɗa masa wanda zai rayu. Dariyar da ta yi ranar ita ta ja komai. Ya san ƙawayenta, ya ci abinci a gidansu, ya san irin shayin da take so. Ita kuwa ko ƙofar gidansu ba ta taɓa gani ba.

Mahaifiyarta Noelene ta leƙo daga ƙofa, ta ga jakar, ta ga fuskar.

"Ya sake ɗagawa ko?"

"Mama, don Allah..."

"Ni dai na faɗa miki. Namijin da ke ɓoye gidansa, akwai abin da ya ajiye a ciki. Ko dai mata, ko 'ya'ya, ko duka biyun."

"Ba haka yake ba!"

"To yaya yake?"

Tegan ta juya ta rufe jakar.

Washegari ta yi abin da ta daɗe tana hana kanta. Iyalin Dario na da ƙaramin masaukin baƙi a bakin gonar. Ta nemi lambar ta kira, kamar mai neman ɗaki.

"Wane lokaci ya fi kyau mutum ya zo wajenku?"

"Ya danganta da abin da kike nema," in ji muryar wata budurwa, mai zaƙi. "Ni ce Shae. Sunanki fa?"

"Tegan."

Sai Shae ta yi dariya.

"Ayyo! Ke ce ta Melbourne. To ke ta kaka ce ko ta sanyi? Na kan rikice."

"Ban gane ba."

"Kin san nan garin baƙi ne, 'yar uwa. Kowane lokaci da irin mutanensa. Ba na son shiga abin da ba ruwana... amma in kina son ki san inda kike, ki zo ranar Asabar. Kar ki faɗa masa."

Tegan ta kasa cin abinci. Ta kaka? Ta sanyi? Wato su nawa ne? To in haka ne, me ya sa idonsa ke cika da ƙwalla duk lokacin da za su rabu? Ko shi ma koya ake yi? Ta ɗauki wayar za ta kira shi, ta ajiye. Ta zazzage jakar, ta sake shiryawa.

Ranar Asabar da sassafe ta kama hanya.

Ba ta ga komai na abin da ake ta yabo ba. Hazo ya rufe duwatsun, kogi ya yi jajir, shagunan hayar kayan wasan zamiya a kan ƙanƙara duk a kulle. Shae ta tare ta a ƙofar masaukin, doguwa, kyakkyawa, tana murmushi har kunne.

"Dario ya shiga gari sayo kaya. Amma mahaifiyarsa na can cikin gona. Je ki gaishe ta, tana son baƙi sosai."

Tegan ta bi hanyar, takalminta na nutsewa a taɓo. Can ta hango wata dattijuwa gajera, kakkaura, a kan tsani tana kokawa da wata farar raga mai tsawo.

"Ina wuni, Madam. Ni ce..."

"Kin makara!" Dattijuwar ko juyowa ba ta yi ba. "Tun safe aka ce za a turo min mai taya aiki. Dubi sama! Kafin yamma ƙanƙara za ta sauko, in ba mu rufe bishiyoyin nan ba, bana ba mu da tuffa."

"A'a, ai ni..."

"Ya Ubangiji, dubi takalminta! Biki kika zo? Ga na roba can a rumfa. Yi sauri!"

Tegan ta tsaya. Ta dubi matar, ta dubi hadarin da ya yi baƙi ƙirin a bayan dutse. Ba ta san lokacin da ta je ta saka takalman ba.

Ornella ke nan, mahaifiyar Dario. Ita ke sama tana warware ragar, Tegan na ƙasa tana ja tana ɗaurewa. Hannayenta suka yi ja, gashinta ya manne a fuska. Tana ta jiran inda za ta sako maganar, amma bakin Ornella ba ya hutawa.

"Ja da ƙarfi! Yawwa. Ke kina da hannu. Ba irin wadda ɗana ya liƙe wa ba."

Tegan ta ɗago kai.

"Wace ce?"

"Wata 'yar birni. Kullum ita, kullum ita. Ko miya na zuba masa sai ya ce Tegan ma tana son wannan. Tegan! Har sunan ya ishe ni."

"Ita kaɗai ce?" in ji Tegan.

Ornella ta leƙo ta saman tsanin.

"Ita kaɗai mana. Wannan sakaran? Ga Shae a gabansa tun suna yara, 'yar maƙwabta, ta san gona, ta san sanyi. Ko kallo ba ta ishe shi ba."

Tegan ta sunkuyar da kai tana ɗaure igiya. Dariya ke son zuwa, kuka ke son zuwa, ta rasa wanda za ta bari.

"To... me ta yi miki, ita 'yar birnin?"

"Ba ta yi ba tukuna. Za ta yi." Ornella ta sauko, ta ja tsanin gaba. "Babban ɗana Renzo ya auri irinta. A watan Afrilu ta zo, ta ga ganye ja da rawaya, ta ce ta ga aljanna. Sanyi na biyu ta haɗa kayanta. Ta tafi da jikata. Yanzu sai a waya nake ganin yarinyar, ta fara manta yadda ake kirana. Renzo kuwa ya bar garin, ya ce ba zai iya kallon bishiyoyin ba."

Ta share fuska da bayan hannu, ta ce ruwa ne ya shigar mata ido.

"Na faɗa wa Dario, in ya kawo min ita ranar da kwarin nan ya yi kwalliya, ba zan buɗe ƙofa ba. Kowa na son mu a Afrilu. Shi kuma tsoro yake in ta ga taɓon nan ta gudu. Sai ya zauna yana ta juya watanni kamar mai juya masa a tanda."

Kafin Tegan ta ce wani abu, wani abu ya faɗo mata a kafaɗa, mai zafi kamar jifa.

"Ta iso! Ja! Ja!"

Suka ruga. Ƙanƙara na dukan ragar kamar ana watsa tsakuwa. Sun rufe layin da suke kai, amma layuka na ƙarshe can ƙasa ba su kai gare su ba. Suna tsaye a rumfa suna kallo ƙanƙara ta kakkaɓe 'ya'yan tuffar da ba su wuce girman goro ba. Ornella ta kama hannun Tegan ta riƙe gam.

Sai ga mota ta tsaya da ƙarfi. Dario ya fito a guje, ya rufe kai da riga.

"Mamma! Kina lafiya? Wa ya taya ki..."

Ya tsaya cak.

"Tegan?"

Hannun Ornella ya saki nata a hankali.

"Wa ka ce?"

"Mamma, ita ce... Zuciyata, me kike yi a nan? Wa ya ba ki takalmina?"

Ornella ta dubi Tegan daga sama har ƙasa. Fuskarta ta yi ja.

"Kika bar ni ina ta zuba! Ba ki da baki ne?"

"Na yi ƙoƙari, Madam. Ba ki ba ni wuri ba."

Dario ya matso zai kama ta, ta ja da baya. Sai yanzu kukan ya ƙwace.

"Kar ka taɓa ni! Watanni ina tambayar kaina me na yi. Mahaifiyata ta ce kana da mata. Shae ta ce kana da ta kaka da ta sanyi. Ni kuma ina zaune ina duba hasashen yanayi kamar wawuya! Me ya hana ka faɗa min gaskiya?"

"Shae ta ce me?" Ornella ta katse.

"Na ji tsoro," in ji Dario, ruwa na zuba daga gashinsa. "In na kawo ki da kyau, Mamma ta ƙi ki. In na kawo ki da muni, ke ki ƙi ni. Na duba shekara kaf ban ga watan da ba zan rasa ɗayanku ba."

"Sai ka zaɓar min, ba ka tambaye ni ba."

"Na yi kuskure, masoyiyata. Ki yafe min."

"Ban sani ba, Dario. Yau ban san komai ba. Sanyi nake ji."

Ornella ta cire rigar ruwanta ta yafa mata.

"Wuce gida. Kai kuma kwashe tsanin nan."

Shae na tsaye a baranda tana jiran ta ga baƙuwa ta fito da kuka ta shiga motarta. Sai ta ga Ornella riƙe da ita. Murmushin ya ɓace.

"Shae," in ji Ornella, "a hannuna kika girma, shi ya sa ba zan yi miki a gaban mutane ba. Je ki gida. Gobe zan zo in ga mahaifiyarki."

A kicin ta zuba wa Tegan miyar wake da taliya mai zafi, ta zauna tana kallonta har ta cinye.

"Kar ki ɗauka kin ci jarabawa," ta ce. "Yini ɗaya kowa zai iya. Ki yi sanyi guda a nan, cikakke. Ba a gidana ba, ki kama ɗakinki. In sanyi ya wuce, Satumba ta same ki a nan, sai mu yi magana."

"In kuma ni ce ban so ba fa?"

"To gara mu sani tun babu jariri."

Tegan ta koma Melbourne ba ta ba Dario amsa ba. Sai da ta bar shi ya yi ta zarya har bayan Kirsimeti kafin ta yafe. Da Tegan ta ce za ta je ta yi sanyin a kwarin, Noelene ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce an mai da 'yarta abin gwaji. Daga baya ita ta saƙa mata safa masu kauri.

Tegan ta samu aiki a ƙaramin asibitin garin Bright. Sanyin bai yi mata da sauƙi ba. Famfo ya daskare, rana na faɗuwa tun mutum bai gama aiki ba, masu wasan ƙanƙara na ta zuwa da karaya. Akwai ranar da ta zauna a mota ta kunna inji, ta ce Melbourne za ta nufa. Ta daɗe a haka. Sannan ta juya ta tafi gona, ta tarar da Dario yana datse rassan tuffa, ta karɓi almakashi ɗaya ta kama aiki.

Wata safiya a Satumba aka ce mata wata tsohuwa na jiranta, wai ƙirjinta ke ciwo. Ta shiga da sauri. Ornella ce zaune, da baƙar rigarta ta zuwa coci da jaka a cinya.

"Mamma! Ina ke miki ciwo?"

Sai da kalmar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ornella ma ta ji.

"Lafiyata lau. Ɗana ne ciwon. In na bar shi, sai ya yi furfura yana neman ranar da ta dace. Shi ya sa na zo da kaina. Za ki aure shi?"

Tegan ta toshe baki, hawaye na zuba, dariya na cin ta.

"Shi yana ina?"

"Yana mota da zoben. Na ce kar ya fito sai na kira shi."

Tegan ba ta jira an kira shi ba. Da kayan aikinta ta fita a guje, ta ƙwanƙwasa gilashin motar. Dario ya zabura, akwatin zoben ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin kujera. Yana durƙushe yana lalube, rabin jikinsa a waje, ta sunkuya ta ce masa a kunne:

"Na yarda."