Babban Yatsan Mama

Akwai wani yaro ɗan ajin ƙarshe a sakandare. Babansa ya rasu tun yana ƙarami. Daga shi sai mamarsa a ɗaki ɗaya. Bokitai da robobi take sayarwa a bakin kasuwa. In ana ciniki da ita, sai dai mai saye ya gaji, ita ba ta gajiya.

Yaron ba shi da wani buri sai shiga makarantar horar da hafsoshin soja. Kullum da sassafe yana gudu shi kaɗai, daga ƙofar gida zuwa tankin ruwa, ya dawo. In an fita hutu a makaranta, yana can bayan aji da littafin lissafi. 'Yan ajinsu suna kiransa Janar, amma don tsokana.

Wata rana malamin ajin ya shigo da takardu.

"Masu son makarantar soja, ga fom," in ji shi. "A ƙasa akwai wurin da uwa ko uba za su sa hannu. Kada wanda ya sa wa kansa."

Washegari ɗan mai kemis ya zo yana nuna nasa. Sa hannun babansa ya nannaɗe kamar igiya.

"Janar, ina naka?" ya ce. "Ko Mama ce za ta dangwala? Ka tanadi tawada da yawa, yatsan nan babba ne!"

Aji ya fashe da dariya. Yaron bai ɗago kai ba.

Gaskiya ne, Mama ba ta sa hannu da biro. Tana iya haɗa baƙaƙe a hankali, amma in takarda ce mai muhimmanci, babban yatsanta take dangwalawa.

Da aka tashi, kowa ya watse. Yaron ya zauna shi kaɗai a aji. Ya yi ta gwada wani sa hannu a bayan littafinsa. Da hannunsa ya faɗa, sai ya zana shi a kan fom ɗin. Ya yi kyau ƙwarai. Amma ransa bai yi daɗi ba.

A gida Mama ta tambaye shi, "Maganar sojan nan fa? Ba a fara ba?"

"Da saura, Mama."

Ta dube shi, ta ce, "To, Allah Ya kai mu."

Ranar tantancewa ta zo. An ce kowa ya zo da wanda ya sa masa hannu. Yaron ya fita bai gaya wa Mama ba.

Zauren babba ne, cike da dogayen bencina. Kowane yaro da nasa. Wannan babansa na gyara masa wuyan riga, wancan mamarsa na miƙa masa ruwa. Shi kuwa yana bakin benci, gefensa wayam.

Wata mata ta nuna wurin. "Ɗan nan, akwai mai shi?"

"Babu," ya ce a hankali.

Aka auna tsawonsa, ya kai. Aka yi gudu, shi ya zo na ɗaya. Iyaye suna ta kiran 'ya'yansu. Shi babu wanda ya kira shi.

Daga nan sai teburin wani kyaftin mai furfura. Kyaftin ya duba fom ɗin.

"Ina wadda ta sa hannu?"

 Kyaftin ya kalli rubutun sama, ya kalli na ƙasa.

"Ikon Allah! Rubutunka da na mamarka kamar an tsaga kara."

Yaron ya so ya ce ba ta da lafiya. Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya haɗiye ta.

"Yallabai, ni na sa."

"Don me?"

"Ba ta iya ba. Na ji kunya."

Kyaftin ya ajiye fom ɗin gefe. "Kana da ƙafa, kana da tsawo. Amma wanda za a ba amanar mutane ba ya fara aiki da takardar ƙarya. Tashi ka tafi."

Da ƙafa ya koma. Hanyar ta yi masa tsawo. Ya sami Mama tana jera bokitai, ya durƙusa ya gaya mata komai.

 Mama ta ɗaga babban yatsanta.

"Ka ga wannan? Da shi na karɓo gawar babanka a asibiti. Da shi na kama rumfar nan. Da shi na sa ka a makaranta. Bai taɓa jin kunyarka ba."

Yaron ya fashe da kuka. "Ki yafe mini, Mama."

"Share fuskarka, a kasuwa muke."

Washegari Mama ba ta buɗe rumfa ba. Ta sa kayanta mafi kyau, ta tasa shi gaba zuwa wurin tantancewar.

Mai tsaron ƙofa ya ce, "Mama, ai an gama da nasa."

"Kai ne mai gamawa? Kira mini babbanku."

Ta zauna a kan dakali har rana ta take. Da kyaftin ya fito, ta miƙe ta gaishe shi.

"Mama, doka ce," in ji shi.

"Na sani, Yallabai. Ban zo in ce bai yi laifi ba. Ya yi. Amma da ka tambaye shi, ƙarya ya yi maka ko gaskiya?"

"Gaskiya ya faɗa."

"To, ka yi wa ƙaryar farashi. Gaskiyar fa? Kyauta za ka ɗauka?"

Kyaftin ya sosa kai. "Ya dawo baɗi."

"Baɗi ya yi nisa. Rage."

"Mama, nan ba kasuwa ba ce."

"Na gani. Da kasuwa ce, da tuni mun gama."

Kyaftin ya kasa riƙe dariya. Ya ce, "Sai yau da yamma ake rufe tantancewar. Zan ba shi sabon fom. Amma gudun jiya da awon jiya sun bi tsohon fom. Zai sake komai yanzu, cikin ranar nan."

Mama ta ce, "Na sallama."

Yaron ya cike sabon fom. Shi da kansa ya buɗe tawadar, ya riƙe mata. Zauren cike yake da mutane, har da ɗan mai kemis. Yaron bai sunkuyar da kai ba. Mama ta dangwala yatsanta, ya fito raɗau.

Yaron ya shiga fili shi kaɗai, rana na dukansa. Ya fara gudu. Sai ya ji murya ɗaya daga bakin fili.

"Ɗaga ƙafa, ɗan nan! Haka kake gudun? Ɗaga ƙafa!"

Bai taɓa gudu irin na ranar ba.

Bayan sati biyu ya rubuta jarrabawa. Da wata ya zagayo, wasiƙa ta zo. An ɗauke shi. A rumfa ya karanta wa Mama.

"Sake karantawa," in ji ta. "Da ƙarfi. Maƙwabta ba su ji ba."

Yara, kada ku ji kunyar iyayenku don ba su iya abin da kuka iya ba. Su suka wahala har kuka iya. Kuma in kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri. Ƙarya ta bar yaron nan shi kaɗai a kan benci. Gaskiya ce ta dawo masa da mamarsa, ta dawo masa da burinsa.