Kukan Mama a Cikin Sifika

"Kashe shi, Ruben! Na ce ka kashe!"

Ruben ya zare abin sauraro daga kunnensa ya juyo. Judit ce, yarinyar da zai aura, tsaye a ƙofar ɗakinsa na unguwar Jigwada a Keffi, leda a hannu, idanunta jawur.

"Masoyiyata, lafiya? Ina Mama? Ba tare kuka shiga kasuwa ba?"

"Mama ta koma gida Agwada."

"Ta koma? To atamfar bikin fa?"

Ta jefa ledar a kan katifa. "Ga ta nan. Muna fitowa daga shago wani mai keke-napep ya tsaya gabanmu, ya ƙure sifika. Ka san waƙar da ya sa?"

Ya sani.

Ruben ya daɗe yana wahala a harkar kiɗa. Tun yana ɗalibi yake saɓa jakar na'urarsa ya bi motar Abuja, yana sa kiɗa a wuraren rawa na ɓoye a Mararaba da Nyanya, wani lokaci a kangon bene da ba a gama ginawa ba, inda matasa ke sanar da juna ta waya. DJ Dogara yake kiran kansa, sunan mahaifinsa ke nan. Ba wanda ya damu da shi sai da ya fitar da waƙa ɗaya.

Bara, bayan an binne Babansa, ya tarar da mahaifiyarsa Magdalena zaune a bakin kabarin, tana rera kuka da yarensu na Mada. Ya laɓe ya ɗauka a waya, da niyyar ajiyewa kawai. Daga baya ya yanka muryar, ya ƙara mata sauri, ya zuba ganguna a ƙarƙashinta. Ranar da ya fara sa ta, wurin kamar zai tsage. Yanzu har wani mai shirya wasa, Godfrey, ya gayyace shi Legas saboda ita.

"Judit, bari in yi miki bayani..."

"Bayanin me? Yara na tiƙar rawa a bakin titi, suna kwaikwayon yadda muryarta ke rawa! Mama ta tsaya kamar an dasa ta. Ta riƙe hannuna ta ce, 'Yata, wannan ba ni ba ce?"

"Me kika ce mata?"

"Me zan ce? Ni ma na sha yin rawa da waƙar nan a ɗakin nan. Ka ce mini wata tsohuwa ce ka samo a intanet! Ni ba na jin Mada, ka bar ni ina juyi a kan hawayen surukata!"

Ya miƙa hannu zai taɓa ta, ta ja baya.

"Ina son ka, Ruben, Allah ya sani. Amma yau kunyar a ce kai ne mijina nake ji."

Ta fita. Ya zauna a ƙasa, ya kasa ko ɗaga kai ya kalli na'urar.

Washegari da safe ya kira Godfrey.

"Oga, ba zan sa waƙar nan a Legas ba."

"Ka haukace? Ita suke so! In babu ita, kai wane ne?"

"To ka ba wani wurina."

Ya goge ta daga duk inda ya ɗora ta, yana sane cewa ta riga ta shiga wayoyin da ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Sannan ya tafi tasha. Ga mamakinsa Judit na can, zaune a benci.

"Ba don kai na zo ba," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Don Mama ne."

Suka shiga mota ɗaya zuwa Agwada.

Sun sami Mama a tsakar gida tana ɓarar agushi. Ruben ya zube gwiwa biyu a gabanta.

"Mama..."

"Kun zo lafiya? Judit, ɗauko kujera."

"Mama, ki zage ni. Ki mare ni. Don Allah ki yi wani abu!"

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Ka san abin da na faɗa a waƙar nan?"

"Na sani, Mama."

"Ba ka sani ba. Kai kiɗa ka ji. Na ce wa babanka na gaji, ya matsa mini gefe in kwanta. Na faɗa masa abin da ko fasto ban faɗa wa ba. Tsakanina da mijina ne, Ruben. Ashe garin nan duk sun ji, suna gaishe ni suna sunkuyar da kai, ni ban san dalili ba."

Hawaye suka ɓalle masa. Ji yake da ƙasa za ta buɗe da ya shige.

"Na so in zama wani abu ne, Mama. Na so ki yi alfahari da ni..."

"Da ka tambaye ni, da na rera maka goma. Na noma, na biki, na goyo, duk ina da su. Me ya sa sai wannan?"

Judit ta juya baya tana goge fuska da gefen mayafinta.

Mama ta kakkaɓe zaninta. "Jiya da yamma na je zumuntar mata. Ni ke ba da waƙa tun kafin a haife ka. Na buɗe baki, sai na ji kamar wani na laɓe a bayana. Na kasa."

"Wayyo Mama, ki yafe mini!"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora tafinta a kansa. "Ɗana ne kai, ina zan kai ka? Na yafe. Tashi." Ta dubi Judit. "Ke kuma 'yata, kada ki bar shi saboda ni. Wanda ya iya jin kunya irin wannan bai gama lalacewa ba."

Judit ta durƙusa kusa da shi. "Idan ka sake yi mini ƙarya, Ruben..."

"Ba zan sake ba, zuciyata. Wallahi."

An ɗaura aurensu a Keffi bayan girbi. Abokansa daga Abuja sun zo da manyan sifiku a bayan mota, ya ce su bar su a can. Matan zumunta ne suka cashe da tulu da kacau-kacau, suka cika cocin da murya.

Mama na tsakiyarsu cikin sabuwar atamfa, tana rausaya, tana tafi, tana murmushi ga amarya. Ruben ya zuba wa bakinta ido tun daga waƙar farko har ta ƙarshe, yana jira.

Ba ta buɗe shi ba.

Mutane suka ga ango na kuka, suka yi ta guɗa, suna cewa daɗi ne ya yi masa yawa. Judit kaɗai ta san ba haka ba ne. Ta lalubo hannunsa a ƙarƙashin mayafinta, ta riƙe gam.