Ƙyauren Tsohon Masallaci

Rana ta yi ƙasa, shanun rugar gabas sun wuce ta bayan gida, ƙurarsu ma ta kwanta. A gidan Rabe magini, a wani ƙauye tsakanin Kusada da Dudunni, matarsa Kulu tana kwashe tuwo, shi kuma ya fita sallar magariba. Autarsu Kubura ta koro awaki ta zo rufe zaure, domin a ranar ne uban ya sa wa ƙyauren sakata, bayan an sace musu bunsuru. Ta tura ƙyauren, ya yi mata nauyi kamar akwai mai riƙe da shi ta waje. Ta sa kafaɗa ta danna da ƙarfinta, ya rufu, ta zura sakata. Sai ta ji nishi dab da kunnenta, nishi mai tsawo, irin na tsohon da aka taka.

Ba ta kai tsakar gida ba jifa na farko ya faɗo kusa da murhu. Na biyu ya fasa ƙwaryar nono. Kulu ta miƙe da mara a hannu tana zagin 'ya'yan maƙwabta, amma babu sawun gudu, babu dariyar yara, kaji ma sun yi tsit a akurki. Da Rabe ya dawo ya ɗauki abin da aka jefo ya haska fitila, ya ga ba dutse ba ne. Gutsuren tubali ne, tsoho, da jan shafen makuba a gefe ɗaya. Ya juya shi a hannu ya daɗe, sannan ya ajiye a gindin bango.

Ya san ƙasar. Ta tsohon masallacin unguwarsu ce, wanda kakansa Sodangi ya gina tun kafin zuwan Turawa. Masallaci ne gajere mai kauri, in ka shiga da tsakar bazara sai ka ji kamar ka sa ƙafa a randa. Ginshiƙansa manya ne, mutum biyu ba sa haɗa hannu a kansu, azarar giginyar da ke sama ta yi baƙi saboda hayaƙin fitilar aci-bal-bal. Ta waje akwai matakalar ƙasa da ladani ke hawa, kowane taki ya lotsa. Ƙyauren kuwa na ƙirya ne, maƙeran Kankiya suka ɗaure shi da ƙarfe, kuma tun da aka rataya shi ba a taɓa kulle shi ba. Matafiyi ya kwana, makiyayi ya fake wa ruwa, tsoho ya yi gyangyaɗinsa bayan azahar.

Sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, kowa ya fara jin kunyar ginin ƙasa. Alhaji Ɗanmaliki, ɗan garin da ya samu a kwangila, ya ce zai yi wa unguwa masallacin siminti da kwano har da lasifika. Kowa ya yi murna, har Rabe, wanda aka ba aikin rushewa. Al'adar magina ce, kafin a sa gatari a tsohon gini, babba ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya shaida wa mazauna wurin da ido ba ya gani cewa za a rushe, su nemi mafaka. Rabe ya san haka tun yana miƙa wa ubansa tubali. Amma a ranar tifa tana jira da injinta a kunne, leburori samari suna kallonsa, Alhaji na duba agogo. Ya ji nauyin a gan shi yana magana da bango, sai ya yi bismilla kawai ya ɗaga gatari. Aka kwashe ƙasar aka cike kududdufi da ita, shi kuma ya roƙi ƙyauren ya kai zaurensa.

Washegarin jifan Kubura ta tashi da hannun dama a dunƙule, yatsun sun ƙi buɗuwa. Daga nan magana ta ɗauke, abinci sai an ɗura mata. Da rana tana kwance kamar kayan wanki. Amma da an kira magariba sai jifa ya fara, ita kuma ta miƙe, idanunta a buɗe ba ta ganin kowa, ta riƙa lalube da hannun hagu. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake abin da babu, ta rusuna a inda babu rufi, ta kewaya fili kamar akwai abu a tsakiya, ta sake kewaya wani, sannan ta zauna ta jingina da iska. Kulu ta ɗauka hauka ne. Rabe kuwa yana zaune yana bin ta da ido, domin ya gane tafiyar. Dokin ƙofar masallacin take tsallakewa, ginshiƙansa take kewayawa, har ta kai na ƙarshe a sahun baya.

An kai ta asibiti a Kankiya, an yi allura, an dawo. An yi hayaƙi, an sha rubutu har tulu ya yi baƙi. Kaka ta wuce, aka shigar da gero rumbu, yarinya kullum ƙara ramewa take, hannun ya fara ƙanƙancewa. Gidan ya gaji. Maƙwabta sun daina aiko yara ɗibar wuta, Kulu ta daina share gutsattsarin tubalin, ta bar su a tare a gindin rumbu. Tsoro ma in ya daɗe gajiya yake komawa.

Wata rana da la'asar ta zauna kusa da mijinta ta ce, "Malam, ɗiyar nan tahiya take muna kallo. Kai ka san wani abu, na ga yadda kake duban ƙasar nan. In ba ka hwaɗa mani ba, ka je ka hwaɗa ma wanda zai iya."

Sai ya ɗauki kekensa ya nufi Yashe, wurin Malam Bubayero, wani dattijon Bafulatani da ya ƙare rayuwarsa a kan irin wannan aiki. Malamin ya zo bisa jaki, ya sauka da ƙyar yana dafa gwiwa. A zaure ya tsaya, ya shafa ƙyauren, ya dubi sabuwar sakatar, ya dubi Rabe. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, aka zaunar da Kubura gabansa, ya jira har inuwar bango ta cinye gidan.

Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Jifa ɗaya ya faɗo, sai shiru. Yarinyar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka ranƙwafa, ta yi tari irin na tsufa. Muryar da ta fito daga bakinta a dushe take, kuma babu fushi a cikinta ko kaɗan.

"Ya isa, Malam. Karatun nan na san shi, ba ƙona ni zai yi ba."

"Bawan Allah, wane ne kai, mi ya kawo ka gidan mutane?"

"Gidan mutane? Ƙohwar masallacina na biyo. Ina nan Sodangi ya zo da igiyar awo, ya yi muna sallama, munka ba shi wuri. A bayanshi na koyi sallah. 'Yan'uwana duk sun watse, ni na zauna. Da idanuna sunka tahi, hannuna ya san ko'ina. Rannan na dawo, na miƙa hannu, ba bango." Kan yarinyar ya juya wajen Rabe. "Jikan Sodangi, ko sallama?"

Rabe ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa.

Malam Bubayero ya ce, "Ai an gina sabo a wurin."

"Na shiga. Bangon sulɓi gare shi, hannuna bai gane komi ba. Da an sallame sai a kulle saboda injin magana. Tsoho ina zai zauna? Sai na bi ƙamshin ƙyauren nan, ina zuwa ina hutawa cikin awaki, ban taɓa kowa ba. Ranar nan na sa hannu zan shiga, ɗiyar nan ta datse mani yatsu."

"Ba ta gan ka ba. Kai ka ce musulmi kake, kuma ka san hukuncin wanda ya kama marar laihi."

Can nesa lasifikar sabon masallaci ta yi ƙara, ladani ya fara kira.

"Na sani. Na gaji ne, Malam. A maido mani masallacina, da ginshiƙanshi da matakala, in sake ta."

"Wanga ba shi yiwuwa. Ƙasar tana cikin kududdufi, mai ginin kuma ka ga yadda ya tsuhwa. Nemi abin da za a iya."

"To ɗaki guda, shi dubi gabas. Ginshiƙi ɗaya a baya, inda zan jingina. Na ƙasa, kuma hannun jikan Sodangi shi kaɗai, don tahin hannun gidansu na sani. A sa ƙyauren, ba sakata. A riƙa sallah ciki, ɗakin da ba a sallah rumbu ne."

Rabe ya ce, "Na ɗauka, Allah shi ne shaida."

Malamin ya ce, "Ka ji. Saki ɗiyar mutane."

"Bakinta da cikinta na saki yanzu. Hannun ina riƙe da shi sai ƙyaure ya hau. An taɓa mantawa da ni."

Malam ya yi, ya yi, muryar ba ta ƙara amsawa ba. Kubura ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta, can ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Kulu ta fashe da kuka tana laluben ƙwarya. Hannun dama yana nan a dunƙule.

Rabe ya fara aiki a filin da ke gefen zaurensa. Shi ke haƙo ƙasa, shi ke kwaɓawa, shi ke dunƙula tubali, ya jira su bushe. Samari masu wucewa kan babur suna yi masa dariya, wai ana zamanin bulo tsoho ya koma wasan ƙasa. Bai kula su ba, ba shi da sauran ƙarfin jin kunya. Gutsattsarin da aka jefo musu ya jiƙa ya zuba a ginshiƙin. Bayansa ya riƙe, ya kwanta, ya tashi ya ci gaba, yana duban sama kada damina ta riga shi. Kullum in Kubura ta kawo masa fura da hannun hagu sai ya saci kallon na daman, ya ga ya ƙara sirancewa, ya ajiye furar ya koma kan bango.

Ranar da ya gama, hadarin farko ya haɗu a gabas. Ya ɓamɓare sakatar, ya ja ƙyauren ya rataya, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama da ƙarfi, yadda duk mai wucewa zai ji. Babu wanda ya amsa. Mutane duk sun tafi babban masallaci, sai ya shiga ya ta da magariba shi kaɗai. Da ya kai ƙarshen Fatiha, daga baya, wajen ginshiƙin, wata murya a dushe ta ce amin, a hankali, kamar ta wanda ya sauke kaya.

Bai waiwaya ba. Ya ƙarasa sallarsa iska na kaɗa ƙasa a waje, yana jin ƙyauren na kuka a inda ya rataye shi, yana fargabar kada ya rufu. Da ya sallame ya juyo, sai ya ga Kubura tsaye a bakin ƙofa, zanenta na kaɗawa.

Ta ce, "Baba, iska ke son ruhe shi."

Ta tokare ƙyauren da hannun dama, yatsunta a shimfiɗe a kan itacen.