Maƙeri da Tanderun Likita

Can a wani zamani, an yi wani maƙeri mai alfahari da aikinsa. Shi ya ƙera wa likitar garinsu hantsakin cire ƙaya.

Wata rana ƙaya ta karye a ƙafar 'yarsa, ƙafar ta kumbura. Ya saɓi yarinyar sai asibiti. Likita ta ɗauki hantsakin, ta sa shi cikin tanderun ƙarfe, ta rufe.

Maƙeri ya ce, "Ki ciro shi, Likita! Yarinya na kuka."

Ta ce, "Bai gasu ba tukuna, Malam."

"Ni na ƙera shi, ni na goge shi, sai ƙyalli yake!"

"Bai gasu ba tukuna."

Maƙeri ya fusata, ya miƙa hannu zai buɗe tanderun. Sai likita ta ɗauko wani almakashi mai ƙyalli, shi ma ƙirarsa ne, bai shiga tanderu ba. Ta tsoma bakinsa a ɗigon ruwa, ta sa ɗigon a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ta ce, "Leƙa."

Ya leƙa. Ga wasu 'yan halittu birjik, suna ta motsi! Ya ɗago kai.

"Subhanallahi! Waɗannan ne za su shiga ƙafar 'yata?"

"Su ne. Zafin tanderu na kashe su, in an ba shi lokaci."

Maƙeri ya janye hannunsa. Ya zauna yana rarrashin 'yarsa har hantsaki ya gasu, ya huce. Aka cire ƙaya, ƙafa ta warke.

Tun daga ranar, in wanzami ya zo sayen aska ya yaba ƙyallinta, sai maƙeri ya girgiza kai ya ce, "Ba ta gasu ba tukuna."